Lambar Maltikas Ba Ta Kwafa-Ka-Liƙa Ba Ce

Jama'a, wannan makon zan taɓo wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu haɗa na'urorin sadarwa a cibiyoyin adana bayanai. Mutum zai zo wurin zaɓen adireshin maltikas, sai ya buɗe misalin da kamfani ya rubuta a littafin koyarwa, ya kwafi lambar yadda take, ya liƙa. In ka yi magana ya ce ai ko wace lamba ma za ta yi aiki. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Ga wanda bai taɓa ji ba, maltikas hanya ce ta aika saƙo ɗaya zuwa ga rukunin na'urori da suka yi rajistar karɓa, maimakon a aika wa kowa ɗaya bayan ɗaya. A tsarin VXLAN, wanda cibiyoyi da yawa ke amfani da shi, saƙon da ba a san takamaiman mai karɓarsa ba galibi ta wannan hanya yake bi a saƙar na'urorin da ke ƙasa. Kowane rukuni yana da adireshi, kuma a IPv4 dukkansu suna tsakanin 224.0.0.0 da 239.255.255.255. Fili ne mai faɗi, amma ba daji ba ne da kowa zai shiga ya yi shara ya kafa bukka.

Farkon filin, 224.0.0.0 zuwa 224.0.0.255, na ka'idojin sadarwa ne su kansu. OSPF na zaune a 224.0.0.5 da 224.0.0.6, PIM a 224.0.0.13, VRRP a 224.0.0.18. Kashi na 232 an keɓe shi ga maltikas mai takamaiman tushe. Abin da aka bar wa kowace ma'aikata ta yi amfani da shi a cikin gidanta shi ne kashi na 239, kamar yadda takardar RFC 2365 ta 1998 ta tsara. Har nan, mafi yawa sun sani.

Inda ake zamewa shi ne a tsammanin duk lambar da ta fara da 239 lafiya lau take. Wani zai bar 224, ya ɗauki 239.0.0.1 yana murna, alhali gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Dalili kuwa tsohon lissafi ne tun RFC 1112 ta Steve Deering a 1989. Adireshin rukuni yana da bit 28 na kansa, amma idan aka mai da shi adireshin MAC mai farawa da 01:00:5e, bit 23 kaɗai ke samun wuri. Biyar sun ɓace. Sakamakon haka adireshi 32 daban-daban suna raba MAC guda. Saboda haka 239.0.0.5 da 239.128.0.5 duk kamanninsu ɗaya da 224.0.0.5 na OSPF a idon suwic ɗin da ke duba MAC. Suwic kuwa an koya masa ya watsa duk abin da ya shafi 224.0.0.x ta kowace ƙofa ba tare da tacewa ba. Kai ka kunna tacewar IGMP kana ganin ka gama, shi kuma yana zuba zirga-zirgarka a kan sabar da ba ruwanta. Babu fitilar da za ta yi ja. Nauyi kawai za ka gani, ka yi ta neman laifin kebul.

Na san hujjar da za a kawo: Cisco da kanta ta sa 225.0.0.0/15 a matsayin lambar farko a tsarinta na ACI, kuma 225 ɗin hukumar IANA ba ta raba wa kowa ba. Haka ne. Amma wannan tsari ne rufaffe da kamfanin ya gina da sanin abin da yake yi, kuma ko a can ana zaɓen lambar ne ranar kafa tsarin, canza ta daga baya aiki ne na rushe gini. Wanda ya ɗauko 225 ya kai wata saƙa ta daban domin ya gan ta a hoton wani, aron riga ya yi ba tare da auna kafaɗarsa ba.

Shawarata ita ce a yanko daga 239.192.0.0/14, kashin da aka ware wa ma'aikata ɗaya. Muddin ba ka fita daga cikinsa ba, rukunanka ba za su yi karo da juna a MAC ba, kuma ka yi nesa da 224.0.0.x. A guji 239.255, domin can ne na'urori irin su firinta da talabijin ke shelar kansu a 239.255.255.250. A raba kason saƙar ƙasa daban da na manhajojin masu haya, kowace cibiya da nata yankin, domin ranar da za a haɗa cibiyoyi biyu kada a tarar duka sun zauna a 239.1.1.1, lambar da kusan kowane darasi ke bugawa.

Sannan a rubuta rabon a rajistar adireshi ɗaya da ta sauran lambobin gidan, da sunan rukuni da abin da yake ɗauka. A kuma ƙirga yawan rukunan da suwic zai iya riƙewa kafin a ce kowace VNI sai ta samu nata, domin VNI sun haura miliyan 16, teburin suwic kuwa bai kai ko kusa ba.