Filin Masu Mota: Tabon Ruwa a Jikin Mota, Laifin Ruwa Ne ko na Rana?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin wankin mota a Kafanchan da tsakar rana cikin watan Maris ya san irin gardamar da kan tashi tsakanin mai mota da yaron da ya wanke masa ita. Yaro ya zuba ruwa ya cuɗa, ya ɗauraye har sau biyu, amma da motar ta bushe sai ga waɗansu ɗige-ɗige farare sun fito a kan murfin inji da gilashi, kamar zanen zabuwa. Mai mota ya ce, "Kai yaro, wannan wane irin aiki ne?" Yaro ya ce, "Wallahi Alhaji na wanke ta sarai, ruwan ne haka." Ko wannensu yana da tasa gaskiyar, amma akwai mai laifi na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, watau rana.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ko da ya yi garau a ido, yana ɗauke da abin da ya narkar daga duwatsun da ya ratsa. Manya daga cikin waɗannan su ne sinadaran kalsiyam da magnesiyam, kuma idan suka yi yawa ruwa ya shiga sahun wanda mutane suka daɗe suna kira ruwan zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, kuma yakan bar farin ɓawo a gindin tukunya ko butar shayi. A ma'aunin masana, lita ɗaya wadda ba ta kai miligiram 60 na irin wannan sinadari ba ruwa ne mai sauƙi, wadda ta haura 120 ta yi nauyi, wadda ta wuce 180 kuwa ta yi nauyi ƙwarai. Alal misali, bokiti mai cin lita 20 na ruwa mai miligiram 200 yana ɗauke da giram 4 na garin dutse narkakke. Idan ɗigon ruwa ya bushe a jikin mota, ruwan ne kaɗai ke tashi sama, garin dutsen kuwa ya zauna a nan inda aka bar shi. Wannan shi ne tabon.

To, amma ba ko'ina ne ruwa yake iri ɗaya ba. A ƙasar Sakkwato akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, wanda saboda shi ne aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, ta fara aiki a 1967. Haka nan a Ashaka ta ƙasar Gombe, inda aka fara yin siminti a 1979. Irin wannan dutse yana narkewa a hankali cikin ruwa, saboda haka rijiyoyin da ke kansa su ne suka fi kawo farin tabo. Ƙasar Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Nok kuwa galibinta tana zaune ne a kan dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar titi, kuma shi ba ya narkewa da sauƙi. Abin da ya fi damun mai mota a wannan yanki shi ne jar ƙasa da marmara, waɗanda ƙarfen da ke cikinsu ne ya ba su wannan launi, da kuma lakar rafi da ta kududdufai, har da ramukan da masu haƙar kuza suka bari, irin haƙar da ta tono gumakan yumɓu na Nok tun daga 1928. Duk da haka rijiya ta bambanta da rijiya. Ruwan burtsatse mai zurfi, wanda ya daɗe a tsakanin duwatsu, yakan fi na rafi ɗaukar sinadari, kuma wanda ya sayi ruwa a hannun 'yan ga-ruwa sau da yawa bai san daga inda aka ɗebo shi ba.

Saboda haka abu na farko shi ne mutum ya san ruwansa, kuma wannan ba ya bukatar kuɗi. A sami kwalabe biyu, a zuba ruwan rijiya zuwa rabi a ɗaya, ruwan sama a ɗayar, a kankare sabulun wanka kaɗan daidai wa daida a cikin ko wacce, a girgiza. Idan ta ruwan sama ta cika da kumfa, ta rijiya kuwa ta yi fari-fari kamar tsinkakken nono babu kumfar kirki, to akwai zartsi. Sa'an nan a ɗiga ruwan a kan madubi mai tsabta a ajiye a rana. Farin zobe alamar zartsi ne, ja ko ruwan ƙasa alamar laka ce ko ƙarfe. Ruwan da aka ɗebo garau da yamma, aka wayi gari ya yi jaja-jaja a bokiti, shi ma ƙarfe ne a cikinsa.

Maganin ko wanne daban ne. Ruwa mai laka ko ƙarfe, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen tanki ko duro, a tsiyaye na sama a bar gurɓin. Ɗan alam kaɗan yana sa laka ta kwanta da wuri, amma lalle ne a sani cewa alam ba ya cire zartsi, domin zartsi a narke yake, kuma tacewa da ƙyalle ma ba ta kama shi. Tafasawa tana rage wani kashi, wanda shi ne ɓawon nan na gindin tukunya, sai dai ba mai hankalin da zai ƙona itace don ya dafa ruwan wankin mota. Tun zamanin jiragen ƙasa masu tafiya da kwal da tururi, irin waɗanda suka raya Kafanchan bayan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ma'aikatan jirgi a ko'ina cikin duniya sun san cewa wannan ɓawo yana toshe bututun tukunyar inji, kuma sun fi mai da hankali ga gyara ruwan tun kafin ya shiga. Darasin bai tsufa ba.

Hanya mafi araha ita ce a hana ruwa bushewa da kansa a jikin mota. Kada a wanke mota a cikin rana, kuma kada a wanke ta inji yana da zafi, domin ƙarfe mai zafi yana ƙafar da ruwa kafin hannu ya kai gare shi, kuma zafi yana gasa tabon ya kama fenti. A nemi inuwa, a yi wankin da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A fara watsa ruwa a sauke ƙura kafin soso ya taɓa jiki, domin ƙurar da aka murza da soso ita ce ke zana fenti. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi a gangaro, a bar tayoyi sai ƙarshe da wani soson dabam. A riƙa wanke gefe ɗaya a ɗauraye shi nan take kafin a koma wani gefen. Garin sabulun wankin tufafi da yawancin yara ke amfani da shi yana da kaifi, yana cire man sheƙin da ke kare fenti, kuma idan bai ɗaurayu sosai ba shi ma yakan bar nasa farin tabo. Sabulun ruwa na mota ya fi, kuma kaɗan ake sawa.

Bayan haka sai ɗauraya ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi ko wacce muhimmanci. Ko da an yi dukan wankin da ruwan zartsi, bokiti ɗaya ko biyu na ruwa mai sauƙi sun isa su kore shi. A nan mutanen kudancin Kaduna suna da rabo, domin daminarsu doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwan sama ba shi da zartsi. Sai a tara shi daga indararon kwano, a bar zubin farko ya wanke rufin ya wuce, a rufe tankin saboda sauro da ƙura. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba shi da sinadarin dutse. A kwarara ruwan a hankali daga sama don ya gangaro gaba ɗaya, kada a fesa shi, domin feshi ɗige-ɗige yake bari. Nan da nan kuma a tsane motar da tsumma mai laushi mai shan ruwa, ko fatar goge mota, a fara da gilashi, a buɗe ƙofofi da but a goge bakunansu, a duba ƙarƙashin madubin gefe inda ruwa kan ɓuya ya tsiyayo daga baya.

Da hunturu, lokacin da motocin citta ke tayar da jar ƙura a hanyoyin Kwoi da Kachia, iska a bushe take, tana shanye ruwa ko da a inuwa, kuma hazo yana sauka a kan jiƙaƙƙiyar mota. Gara mutum biyu su yi aikin, ɗaya na ɗauraya ɗaya na gogewa. Ruwan farko na damina kuwa ba wankin mota ba ne, ƙurar sama yake saukowa da ita, saboda haka motar da ya doka tana bukatar ɗauraya.

Idan tabo ya riga ya kama, a gauraya ruwan khal fari da ruwa mai tsabta rabi da rabi, a jiƙa tsumma a ɗora a wurin kamar minti ɗaya a inuwa, a goge, a ɗauraye sosai, sa'an nan a sake shafa man sheƙi, domin tsamin yana cire shi. Kada a kusanci ruwan batir, ko reza, ko soson ƙarfe, ko toka. Motocin zamanin nan ba kamar Peugeot 504 ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ba ne. Yawancinsu suna da wani shafi mai sheƙi a saman fenti wanda bai kai kaurin takardar rubutu ba, kuma idan ya cinye sai dai a sake fenti. Tabon da ruwan khal ya kasa ɗagawa ya riga ya ci jiki, aikin mai fenti ne.

Wani zai ce wannan maganar ado ce kawai. Ba haka ba ne. Gilashin gaba mai tabo yana warwatsa hasken fitilar motar da ke tahowa da dare, ya kashe wa direba ido a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Motar da fentinta ya dushe kuma tana faɗuwa a farashi ranar sayarwa. Har wa yau ruwan da ke bar wa fenti tabo shi ne ke tara ɓawo a cikin lagireto, ya kuma rage wa batir kwana idan an zuba masa shi.

Ga masu wuraren wankin mota kuwa, rumfa ɗaya da tanki ɗaya na ruwan sama da tsummoki masu tsabta sun fi ƙarin injin feshi amfani. Mai mota shi ma ya yi wa yaro adalci: wanda ya kawo mota da ƙarfe biyu na rana, inji na huci, ya ce a yi maza yana sauri, shi ya sayi tabonsa da kuɗinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.