Gadon Asibitin Birni, Bashin Ƙaramar Hukuma

Duk yaron da aka ɗauko daga Dingyaɗi ko ƙauyukan Shagari aka kwantar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo saboda ƙyanda ko gudawa, shaida ne cewa akwai kuɗin da ya kamata a kashe a ƙauyensu ba a kashe ba. Ƙyanda tana da allurar rigakafi. Gudawa kuwa ruwan gishiri da sukari da rijiya mai tsabta ke maganinta.

Mu dubi cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Takan fara da kumburin dasashi a bakin yaro mai fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. In malamin asibitin ƙauye ya gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. In aka bar ta, cikin 'yan kwanaki sai ta cinye kunci da leɓe. A 1999 aka buɗe asibiti sukutum a Sakkwato domin gyaran fuskokin waɗannan yara. Muna jinjina wa likitocinsa, amma kowace tiyata a can ta ninka kuɗin maganin da zai hana ta sau barkatai.

Alkawari dai mun sha shi. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul don kusantar da mulki ga talaka. A 1978 taron Alma-Ata ya ce lafiya matakin farko ita ce ginshiƙi. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusu na musamman don ƙananan asibitoci.

Shekara da shekaru shugabannin ƙananan hukumomi suna fakewa da asusun haɗin gwiwa, wai gwamnoni ne ke riƙe da lalitar. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi kuɗi ya faɗi inda ya kai su, wanda aka hana kuma ya fito ya faɗi wanda ya hana shi.

Buƙatarmu ɗaya ce. Majalisun Boɗinga da Shagari su riƙa liƙa lissafi da Hausa a ƙofar sakatariya kowane wata: nawa ya shigo, nawa ya tafi ga magani, rigakafi, rijiyoyi da albashin ungozoma. Mu kuma da talakawa suka ilimantar da harajinsu, wajibinmu ne mu je mu karanta wannan lissafi, mu karanta wa iyayenmu a dandali, sannan mu tambayi kansila.