Farin ƙyalle ba shaida ba ne

A wani biki da na je a ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, tun ba a sallame sallar Asuba ba tsofaffi biyu suka baza tabarma a ƙofar ɗakin amarya, ba mai ce wa wata uffan. Na tambayi gwaggona me ake jira, ta harare ni: "Ke 'yar nan, sai an faɗa miki?" Can aka rangaɗa guɗa, aka aika gidan iyayen yarinya da goro, uwarta ta saki kukan da ta kwana tana haɗiyewa. Ni dai abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, da guɗar nan ba ta tashi ba fa?

Mu da muka tashi da finafinan Indiya muna zaton Indiyawa ne gwanayen soyayya, alhali ciwonmu ɗaya da su. A littafinsu na Ramayana, da Rama ya ƙwato matarsa Sita daga hannun Ravana a Lanka, sai da ta shiga wuta don ta nuna ba a taɓa ta ba. Ta fito lafiya lau. Duk da haka tsegumin mutanen gari ya sa ya tura ta daji, da ciki a jikinta. Wadda wuta ba ta wanke a bakin magulmata ba, ƙyalle ne zai wanke ta? A jihar Maharashtra, al'ummar Kanjarbhat na shimfiɗa farin zane daren farko, da safe dattawa su tambayi ango a bainar jama'a ko ya sami amarya budurwa. Matasansu suka yi bore a 2018, wasu har duka suka sha, kafin gwamnatin jihar ta sanar a 2019 cewa za ta hukunta masu wannan gwaji.

Ba cewa nake kamun kai ba shi da daraja ba. Yana da ita, kuma addini ya ɗora shi a wuyan namiji da mace daidai wa daida. Amma wa ya taɓa shimfiɗa wa ango tabarma? Wanda ya gama yawon ta zubar, shi ne kan gaba wajen tara abokai ya ce an cuce shi.

Likitoci sun daɗe da faɗa cewa mata da yawa ba sa zubar da jini a daren farko, haka Allah ya halicce su, kuma a Oktoban 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin budurci ba shi da tushe a ilimi. Shari'a ma ba ta san shaidar ƙyalle ba. Suratun Nur ta gindaya shaidu 4, wanda ya yi ƙazafi babu su kuma bulala 80 ce rabonsa. A cikin matan Manzon Allah (SAW), Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa.

Akwai gwajin da ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024 ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure, kuma ango da amarya duk suna miƙa hannu a ɗebi jini.

Limamanmu na masarautar Gaya, ku ɗauki maganar nan zuwa mumbari ranar Juma'a. Iyayenmu mata kuma, don Allah ku naɗe tabarmar nan daga ƙofar ɗakin 'ya'yan mutane.