Wata Goma Sha Ɗayan Janar Abdulsalami

Ranar 9 ga Yunin 1998, washegarin rasuwar Janar Sani Abacha, aka rantsar da Abdulsalami Abubakar shugaban mulkin sojan Najeriya. Ranar 29 ga Mayun 1999 ya damƙa mulki a hannun Olusegun Obasanjo a Abuja, ya koma gidansa da ke Minna. Bai cika shekara a kan karaga ba. A ganina wannan gajartar ita ce aiki mafi girma da ya yi wa ƙasar nan, kuma zaɓi ne ya yi da idonsa biyu, zaɓin da ke da tushe a irin hanyar da ya bi cikin kaki.

An haife shi a Minna a 1942, ya yi sakandare a Bida tare da Ibrahim Babangida. A 1963 ya shiga rundunar mayaƙan sama, aka tura shi horo Jamus ta Yamma, sannan ya sauya zuwa sojan ƙasa, ya zama hafsa a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon, ya riƙe rundunoni, har ya kai babban hafsan tsaro a zamanin Abacha. Abin lura a wannan doguwar tafiya shi ne abin da babu a cikinta: bai taɓa zama gwamnan soja ba, bai taɓa zama minista ba. Da yawa daga cikin tsararsa sun shiga gidan gwamnati tun suna da ƙuruciya, suka saba da jiniya a gaba da baya, da 'yan kwangila da ke cika falo tun hantsi, da maroƙa a ƙofar gida. Wanda ya ɗanɗani wannan yana laftanar kanar, da wuya ya ga kujerar shugaban ƙasa a matsayin amanar da za a mayar wa masu ita. Shi kuwa Abdulsalami a bariki ya tsufa, inda ake ba mutum aiki da wa'adi, ya gama ya miƙa wa na bayansa.

Sai a dubi waɗanda suka gabace shi. Gowon ya yi alkawarin sauka a 1976, ya warware a jawabinsa na 1 ga Oktoban 1974. Babangida ya yi ta ɗage ranar miƙa mulki, daga 1990 zuwa 1992 zuwa 1993, ya ƙare da soke zaɓen 12 ga Yuni. Abacha kuwa jam'iyyu biyar ɗin da gwamnatinsa ta yi wa rajista duk shi suka tsayar. Abdulsalami ya rusa wancan shiri, ya saki fursunonin siyasa ciki har da Obasanjo, ya kafa hukumar zaɓe ta INEC ƙarƙashin Mai Shari'a Ephraim Akpata. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Disambar 1998, na gwamnoni a Janairu, na majalisar tarayya da na shugaban ƙasa a Fabrairu, ba tare da an matsar da ranar miƙa mulki ba.

Masu cewa tilas ce ta sa shi sauka suna da hujja: an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tun Nuwamban 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, Turai da Amurka sun juya baya, kudu maso yamma na tafasa. Amma ai wannan matsin ne Abacha ya zauna da shi fiye da shekara biyu bai gusa ba. Kuma da Abdulsalami uzuri yake nema, ya same shi ranar 7 ga Yulin 1998, lokacin da Cif MKO Abiola, ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Yuni da aka soke, ya rasu a tsare, tarzoma ta tashi a Legas. Duk wani mai kwaɗayin zama da ya ce sai ƙura ta lafa tukuna. Kwana goma sha uku bayan haka ya fito ya faɗi ranar saukarsa.

Akwai sukar da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata masoyansa su kauda kai daga gare ta ba. Da dokar soja aka kafa kundin tsarin mulkin 1999, an kuma fitar da shi ne bayan an gama zaɓe, wato 'yan takara sun nemi kujerun da ba su ga dokar da za ta bi da su ba. Asusun ajiyar ƙasa na waje ya ragu sosai a waɗannan watanni, har Obasanjo ya naɗa kwamitin Christopher Kolade ya sake duba kwangilolin ƙarshen mulkin. Da kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya gayyace shi, bai je ba, kamar yadda Buhari da Babangida ba su je ba, alhali rasuwar Abiola a hannun gwamnatinsa ta faru. Wannan bashi ne da 'yan ƙasa ke binsa. Sai dai batun kundi na da amsa: da an ce sai an yi cikakken taron ƙasa kafin soja su tafi, da an buɗe ainihin ƙofar da magabatansa suka bi suka zarce. Kundi mai aibi a hannun majalisar da aka zaɓa yana gyaruwa, an kuwa fara yi masa gyara tun 2010.

Saukar ce kuma ta ba shi bakin magana daga baya. Shi ECOWAS ta ɗora wa shiga tsakani a tattaunawar Accra da ta kawo ƙarshen yaƙin Laberiya a 2003, kuma kwamitinsa na zaman lafiya ne ya zaunar da Jonathan da Buhari suka sa hannu kan yarjejeniya kafin zaɓen 2015. A Agustan 2023 shi da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar aka tura Yamai wurin shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, wanda a lokacin ya yi maganar wa'adin da ba zai wuce shekara uku ba, kafin a rantsar da shi a Maris na 2025 a kan sabon wa'adin shekara biyar.