Daga Tudu Aka Nutsar Da Jirgin Joola

A daren 26 ga Satumba, 2002, jirgin ruwan fasinja mai suna Joola ya kife a teku daura da gaɓar Gambiya, yana kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. Alƙaluman gwamnatin Senegal sun nuna mutum 1,863 ne suka rasu, 64 kacal suka tsira. Adadin ya zarce na Titanic da duniya ta kasa mantawa da shi. Amma abin da ya fi yawan mamatan tayar da hankali shi ne yadda shari'ar ta ƙare: a 2003 hukumomin shari'a na ƙasar suka rufe fayil, suka ce laifin kyaftin ne shi kaɗai, kyaftin kuwa yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Ni a ganina wannan hukunci zalunci ne na biyu da aka yi wa mamatan, domin jirgi irin wannan tun yana tudu ake nutsar da shi, a ofisoshin da ake sa hannu.

A duba yadda abin ya faru. An ƙera Joola a Jamus don ya ɗauki mutum 580, har da ma'aikatansa, sai ga shi a ranar ya kwashi fiye da ninki uku. Jirgin gwamnati ne, kuma sojoji ke tafiyar da shi. Ya shafe kusan shekara yana ajiye ana gyara, makonni kaɗan da komawarsa aiki wannan masifa ta auku. Da ya tsaya a tsibirin Karabane, inda babu matsayar jirgi, kwale-kwale suka yi ta kawo ƙarin mutane da kaya ana lodawa. Wajen ƙarfe 11 na dare iska da ruwan sama suka taso, cikin 'yan mintoci jirgin ya juye. Bai nutse nan take ba. Ya kwana yana yawo a kife har zuwa yammacin washegari, masunta da suka fara isa wurin suna jin mutanen da ke ciki na bubbuga ƙarfe, su kuwa ba su da abin da za su yanka shi da shi. Masu ceto na hukuma ba su iso ba sai da gari ya waye rana ta ɗaga. Wanne daga cikin waɗannan matacce zai amsa shi kaɗai? Ba kyaftin ne ya ba jirgin izinin komawa aiki ba, kuma lokacin da aka yi jinkirin aika ceto shi yana cikin ruwa.

Za a ce ai ƙaddara ce, guguwa kuma ba ta shawara da kowa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma da ita iyalan mamata ke samun haƙuri. Amma ita magana ce ta mai ta'aziyya, ba ta dace da bakin wanda aka damƙa wa amanar rayuka ya yi sakaci ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, kuma bai ɗauki hakan a matsayin raunin imani ba. Iska irin ta wannan dare ba baƙuwa ba ce a wannan teku a ƙarshen damina. Abin da ta tarar ne ya bambanta: jirgin da nauyinsa ya koma sama saboda ɗimbin mutanen da ke kwance a kan bene.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce su ma fasinjojin da nasu laifin, tun da sun ga cunkoso suka shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi kansa Shugaba Abdoulaye Wade ya yi wa 'yan ƙasarsa faɗa a kan halin ko-in-kula bayan hatsarin. To amma ina mutanen Kasamans, yankin da Ziguinchor take, za su bi? Rikicin 'yan aware ya sa hanyar mota ta zama abin tsoro, ga wahalar ratsa Gambiya. Mata 'yan kasuwa masu kai mangwaro da manja Dakar, da ɗalibai masu komawa makaranta, jirgin nan shi ne abin da ƙarfinsu ya kai. Kuma ɗalibi ba shi da ilmin sanin nauyin da jirgi zai iya ɗauka. Don haka ne aka ajiye ma'aikaci a bakin ƙofa, ake biyansa albashi ya ce ya isa haka.

Gaskiya ne ministocin sufuri da na tsaro sun sauka, an rushe gwamnatin Firaminista Mame Madior Boye, an kuma ba da diyyar sefa miliyan 10 a kan kowane mamaci. Sai dai rasa kujera ba hukunci ba ne, diyya kuwa daga baitulmalin talakawan da aka kashe wa 'ya'ya ta fito. Da jirgin Sewol ya nutse a Koriya ta Kudu a 2014, mutum 304 suka rasu, akasarinsu 'yan sakandare, an ɗaure kyaftin rai-da-rai, amma shari'ar ba ta tsaya a kansa ba, shugaban kamfanin da ya yi lodin wuce kima shi ma ya tafi kurkuku. A batun Joola, ko da wani alƙali a Faransa ya ba da sammacin kama manyan jami'an Senegal tara a 2008, saboda akwai Faransawa cikin mamatan, ƙarar ta mutu a kan hujjar rigar kariya.

Mu ma a nan ba baƙin wannan hali ba ne. A Yunin 2023 sama da mutum 100 'yan biki suka halaka a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, kuma kusan kowace damina sai an ji makamancin haka a Kebbi ko Neja ko Sakkwato. Duk lokacin da aka kafa kwamitin bincike ya dawo da sunan matuƙi kaɗai, ina roƙon 'yan jarida da 'yan majalisa su tambayi wanda ya yi wa jirgin rajista, da wanda ke bakin gaɓa ranar da aka yi lodi, a kuma gurfanar da su a gaban kotu.