Iri Ne Ko Jari? Raddi Ga Mai Wa'azin "Shuka Ka Girba"

Bayan an gama yankan dawa, wani baƙon mai wa'azi ya kwana uku a garinmu yana taron farkaswa. Ba zan kama sunansa ba, don da maganarsa nake jayayya, kuma maganar ta riga shi zuwa, za ta kuma daɗe bayansa. Duk daren ukun ina zaune a benci na biyu da littafin rubutuna. Da na so in bar zancen ya wuce, har sai da na ji cewa wata gwauruwa 'yar Zumuntar Matanmu ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo ta sa kuɗin cikin ambulan, domin an ce mata kafin wata uku Allah zai mayar mata da garke. Yau wata biyar ke nan, garken bai zo ba. To, ɗan'uwa, ga maganganunka kamar yadda na rubuta su, ga kuma amsata.

Ka fara da cewa kuɗi iri ne, wanda ya shuka naira a gaban bagade zai girbi ninki ɗari, ka kafa hujja da misalin mai shuka. Ai ba sai mun wahala ba, Yesu da bakinsa ya warware misalin a Markus sura 4, ya ce irin nan Maganar Allah ce, ƙasar kuwa zukatan masu ji. Ba a ambaci ko anini a wurin ba. Ninki ɗarin da ka ɗauko daga Markus sura 10 an yi alkawarinsa ne ga waɗanda suka rabu da gida da gona da dangi saboda bishara, kuma a cikin ayar nan ta 30 an haɗa alkawarin da tsanani. Ka karanta mana rabin ayar, ka haɗiye rabin.

Inda ka fi samun madogara shi ne 2 Korintiyawa sura 9, kuma na yarda a can Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka. Amma wa ake tara wa kuɗin? Matalautan masu bi na Urushalima. Wa zai kai? Bulus bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba. A sura 8 ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi mutumin da zai yi rakiyar kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Girbin da ya ambata kuwa shi ne mai bayarwa ya sami abin da zai ishe shi har ya ƙara yin alheri, mai yawa ya cike wa mai kaɗan, a zo daidai. Mutanen Makidoniya da ya yaba, cikin tsananin talauci suka bayar, bai kuma rubuta cewa sun wayi gari attajirai ba. A taronka, kai ne mai wa'azi, kai ne ma'aji, kai ne Urushalima.

Bari in faɗa wa matasanmu inda wannan salo ya fito, don suna tsammani tun zamanin manzanni yake. Oral Roberts, mai wa'azi a Tulsa ta ƙasar Amurka, shi ya yayata koyarwar "irin bangaskiya", ya fitar da littafi a kanta a 1970. Masu wa'azi irin su Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, suka ba wa wa'azin wadata ƙarfi a Nijeriya. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Kakanninmu sun yi kusan shekara arba'in suna karanta shi da fitilar aci-bal-bal, ba su ga wannan ciniki a ciki ba. Kuma ba mu ƙauyawa kaɗai muke ƙorafi ba: malaman tauhidi na Afirka sun zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, suka fitar da bayani mai sukar wannan koyarwa, ko da yake sun yarda cewa talaucin da ke kora mutane zuwa gare ta gaskiya ne.

Magana ta biyu ita ta fi ci mini rai. Ka ce ba a watsa iri a kan fako. Wanda ya ba matalauci ya yi sadaka kawai, amma wanda ya ba shafaffen bawan Allah ya shuka a ƙasa mai kyau. Ka kawo gwauruwar Zarefat da ta fara toya wa Iliya waina. Ɗan'uwa, Iliya ɗan gudun hijira ne a shekarun fari, rafin da yake sha ya ƙafe, da yunwa ya iso ƙofar matar. Garin da man da ba su ƙare ba, su uku suka ci, shi da ita da ɗanta, bai kuma bar garin da jaka a kafaɗa ba. In kana neman annabi da kuɗi a wuri ɗaya, buɗe 2 Sarakuna sura 5. Na'aman ya warke, ya kawo azurfa da zinariya da riguna, Elisha ya rantse ba zai karɓi kome ba. Baransa Gehazi ya bi bayan karusa ya karɓa a ɓoye, ya dawo da kuturta. A Ayyukan Manzanni sura 8 ma, da Saminu mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka san amsar da ya samu, ba mai daɗin ji ba ce.

Yesu kuma ya juya lissafinka kai ƙasa. A Luka sura 14 ya ce wa mai gidan da ya gayyace shi, in zai yi biki ya kira gajiyayyu da guragu da makafi, kuma dalilin da ya bayar shi ne ba su da abin rama masa. Abin da kake kira fako, shi Ubangiji ya nuna ya ce a zuba. Gwauruwar nan mai anini biyu da ka yi ta ambata har muryarka na rawa, ka duba ayoyin da suka gabace ta a Markus sura 12: yanzun nan Yesu ya gama tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ni dai da ni ne, da na ji tsoron karanta wannan sura ina riƙe da ambulan ɗin gwauruwa.

Na uku, ka ce wanda bai fitar da zakka ba ɓarawo ne la'ananne, wanda kuwa ya fitar, kashi ɗayan nan ya tsarkake sauran tara. Rabin farko daga Malakai sura 3 ka ɗauko shi. Rabin na biyu ban san inda ka samo shi ba. A surar nan, aya ta 5, kafin a zo zancen rumbu, Allah ya lissafa waɗanda zai yi wa shari'a, a cikinsu akwai mai danne ladan ɗan ƙodago, da mai zaluntar gwauruwa da maraya, da mai tauye baƙo. Rumbun kansa na abinci ne. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ce kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ashe a shari'ar da kake kafa hujja da ita, matar nan tamu mai karɓa ce, ba mai bayarwa ba.

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne zancen tsarki ya shigo. Mun taso ana auna mana tsarki da ɗankwali da tsawon zane da rashin jan baki. Kai kuma ka zo ka ce ambulan ne ma'auni. Dukanku kun bar kasuwa ba mai tsaro. Littafin Firistoci sura 19 ita ce surar da Allah ya kira jama'arsa su zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, Bitrus ma ita ya maimaita a wasiƙarsa ta fari. Ka bi surar a hankali ka ga abin da ya biyo bayan kiran. Kada manomi ya girbe gonarsa har gyaffa, kada ya koma yin kala, na matalauci ne da baƙo. Kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai gona. Kada a zagi kurma don ba ya ji, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada a bi gari da tsegumi. Ma'auni da mudu su zama na gaskiya. A tsakiyar waɗannan ne umarnin ƙaunar maƙwabci yake zaune.

To mu sauko da surar zuwa kasuwarmu. Akwai mai bi da ke da tiya biyu, babba ta saye, bugaggiya ta sayarwa. Akwai mai zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a gindin buhun wake ya rufe da mai kyau. Akwai dattijon ikilisiya da ke ba maƙwabcinsa buhun masara a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan a biya shi biyu da kaka. Akwai uwargida mai jagorar waƙa ran Lahadi, 'yar aikinta kuwa wata huɗu ba ta ga albashi ba, ga ta tana kwana a kicin. Duk waɗannan suna iya fitar da ɗaya bisa goma ba fashi. Kai ka ce musu sun tsarkaka. Yakubu a sura 5 ya ce ladan masu girbin da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Yesu a Matiyu sura 23 ya ga masu fitar da zakkar 'yan ganyayen miya sun bar gaskiya da jinƙai, bai ce su daina zakkar ba, amma munafukai ya kira su. Ruwan baftisma ba ya gyara mudun da aka buga wa gindi. Maƙeri ke gyara shi, ko a jefar a sayi sabo.

Na huɗu, ka ce Turawan mishan ne suka koya mana son talauci, suka sa muka ɗauka tsumma ibada ce. A nan kana da ɗan gaskiya, ba zan hana ka ba. Talauci ba tsarki ba ne, yunwa ba ta kai kowa sama, kuma mishan suna da laifuffukansu na raini da wariya waɗanda dattawanmu ba su manta ba. Amma kada ka ce abin da suka bari talauci ne. Walter Gowans, ɗaya daga cikin ukun da suka fara aikin mishan na SIM a 1893, a Girku ya mutu shekara guda bayan isowarsa, bai girbi kome ba. Waɗanda suka biyo baya, tare da 'yan ƙasa da suka yi aikin da hannunsu, sun bar asibitin Vom, da wurin jinyar kutare na Garkida, da asibitin Wusasa, da na Galmi a Nijar wanda aka buɗe a 1950, inda yawancin masu zuwa neman magani Musulmi ne. Wannan hali tsoho ne a ikilisiya. A shekara ta 362 Sarkin Rum Yuliyanus, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Abokin gaba ne ya ba da wannan shaida.

Kuma in wadata ce alamar bangaskiya, me za ka ce wa 'yan'uwanmu na EYN? A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. A Oktoban shekarar aka kori 'yan EYN daga hedkwatarsu ta Kwarhi. Iri ne ba su shuka ba? Waɗanda suka buɗe musu ɗakuna a Yola da Jos, iyali goma a gidan da aka gina don ɗaya, wane ninki suka jira? Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika a Yola ya tara dubban 'yan gudun hijira a harabar majami'arsa, daga baya ya gina musu gidaje, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci, ya sha suka a kai daga nasa mutanen.

Hujjarka ta ƙarshe shaidu ne: wance ta shuka ta sami aiki, wane ya shuka ya sayi mota. Ban ƙaryata su ba. Amma mutum ɗari suka sa ambulan, biyu ka kira gaba. Sauran da suka koma gida hannu wofi ka riga ka tanadar musu amsa, wai bangaskiyarsu ce ta gaza, don haka su ƙara shukawa. Adashen matan unguwa ya fi wannan gaskiya, domin kowa ta san ranar kwasarta, uwar adashe kuma in ta ci kuɗi ana iya kai ta gaban mai unguwa.

Kada a ce na hana a kula da masu hidima. Bulus ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma abin kunya ne gare mu yadda masu bishara na ƙauye ke yin watanni ba a biya su ba, 'ya'yansu na zaune gida don kuɗin makaranta. A ba da baiko, a fitar da zakka, a karanta lissafin a gaban jama'a, a biya su. Shi Bulus ɗin da ya faɗi haka, a Korinti ɗinkin tanti ya yi, a Afisa kuma da hannunsa ya ciyar da kansa da abokan tafiyarsa.

Sauran zancen akuya. 'Yan Zumuntar Mata sun yi karo-karo, wata mudun gero, wata kuɗin ƙosai na kwana biyu, sun saya mata 'yar burguma. Wata maƙwabciyarta Musulma ce ke ba ta harawa. Wannan bai sauke maka nauyi ba. Ka yi mana wa'azi a kan Zakka mai karɓar haraji a dare na biyu, ka kuma san cewa da Yesu ya shiga gidansa, abin da Zakka ya yi alkawari shi ne ya mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Matar ba ta nemi huɗu ba, ba ta ma san ina wannan rubutu ba. Gidanta na bayan makarantar firamare, mai ƙofar langa-langa. Duk ranar da ka shirya, ka biyo ta wurina, ni zan raka ka.