Fuskar Da Ke Rataye A Kasuwar Jimeta

Ran nan na taso daga Makama zuwa kasuwar Jimeta, sai na hangi wata riga rataye wurin 'yan gwanjo, an buga mata hoton wata Baturiya mai farin gashi tana murmushi. Na tambayi mai kayan ko ya san ta, ya ce shi dai abin da ya sani rigar tana da kasuwa. To, wannan mata ita ce Marilyn Monroe, 'yar wasan silima ta Amurka.

An haife ta a Los Angeles a 1926, sunanta na asali Norma Jeane. Mahaifiyarta ta sami taɓin hankali, don haka ta tashi a hannun riƙo da gidan marayu, aka aurar da ita tana shekara 16. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana aiki a wata masana'anta, wani mai ɗaukar hoto ya ƙyalla ido ya gan ta. Daga nan hotunanta suka fara fitowa a mujallu, a 1946 kamfanin silima na Fox ya ɗauke ta.

A 1953 sunanta ya game duniya, amma albashinta na nan inda tsohuwar yarjejeniya ta ajiye shi, kuma kullum wasan kyakkyawa marar wayo ake ba ta. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ta ƙi wani wasa a 1954 aka dakatar da ita. Daga bisani ta koma New York ta kafa nata kamfani. Ƙarshen 1955 Fox suka sauko: dala 400,000 a kan wasanni huɗu, da ikon amincewa da wanda zai shirya wasan, duka a rubuce.

Ta rasu a 1962 tana da shekara 36, sanadiyyar shan maganin barci fiye da kima. Kashi 75 cikin 100 na ragowar dukiyarta ta bar wa malaminta Lee Strasberg. Da ya mutu a 1982, abin ya faɗa hannun matarsa Anna, wadda ya aura bayan rasuwar Marilyn. Ita ta yi ta cin ribar wannan fuska har ta sayar da haƙƙin a 2011.

Ina jan hankalin 'yan wasanmu mata na Kano da Kaduna da Jos. Tafi da kirari ba sa biyan kuɗin asibiti. Kafin ki tsaya gaban kyamara, ki tambayi ladanki nawa ne, da wanda zai mallaki hotonki, a rubuta a takarda gaban shaidu.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.